Yadda Ake Yawon Kwana Huɗu a Jirgin Iska Tsakanin Tsibiran Lamu, In Daga Garwa Ka Taso

Kogin Binuwai sau ɗaya yake cika a shekara. Da Agusta da Satumba ya tumbatsa, da rani kuma ya janye har yara su buga ƙwallo a kan yashinsa. Teku kuwa sau biyu take yin haka kowace rana, kuma duk wani abu da za ka yi a wannan tafiya, tun daga sa'ar tashi zuwa inda za ka kwana, a hannun wannan cika da janyewa yake. Ni a Garwa na koyi iyo, na sha bin masunta a tafkin Lagdo, amma da na je Lamu sai da na koma ɗan koyo. Abin da na tsinta ne nake so in shimfiɗa wa duk mai niyyar goya jakarsa ya je ya kwana uku ko huɗu a jirgin katako mai tafiya da iska, yana sauka tsibiri-tsibiri, yana leƙa ƙarƙashin ruwa.

Me ya sa Lamu? Tsibirai ne a Tekun Indiya, a gaɓar arewacin Kenya, kuma garin Musulmi ne tsoho wanda UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 2001. Ba za ka yi ta tambayar ko naman nan yankakke ne ba, kiran salla kuma zai tashe ka kamar kana gida. Lungunan garin sun yi wa mota ƙunci, jakuna ne ke dakon kaya. Mutumin arewa ba ya jin baƙunta sosai a can.

Fara da duba wata, kafin ka duba farashin tikiti

Iska biyu ke mulkin wannan gaɓa. Daga wajen Disamba zuwa Maris akwai wadda suke kira kaskazi, daga arewa maso gabas take busowa, mai sauƙin kai ce. Daga wajen Afrilu ko Mayu har zuwa Satumba ko Oktoba sai kusi ta karɓa daga kudu, ita kuwa da ƙarfi take zuwa, ta tayar da igiyar ruwa, ga ruwan sama a farkonta. A lokacin ruwa kan gurɓace da lakar da kogin Tana ke zubarwa, ko ka sa fuska a ciki ba abin da za ka gani sai launin kunu. Don haka lokacinka shi ne Nuwamba zuwa Maris, daidai sanda hunturu ke busa mu a gida.

Akwai abin da ba wanda ya gaya mini sai da muka tashi: tsibiran da za ka je suna arewa da garin Lamu, kaskazi kuma daga can take fitowa. Wato a tafiya gaba da gaba za ku yi da iska, sai dai a yi ta karkata dama da hagu ko a tayar da inji. A dawowa ne take tura ku ta baya kamar ta biya kuɗin jirgi. Ka ware wa tafiya kwanaki fiye da dawowa.

Sannan ka duba kwanan watan Musulunci. Idan wata ya tsaya, da kuma daren sha huɗu zuwa sha biyar, cikar teku tana kai maƙura, janyewarta ma haka, tazarar kan kai mita uku ko fiye. A irin waɗannan kwanaki mashigai masu ƙarancin zurfi suna buɗewa sosai, amma jan ruwa yana da ƙarfi. Wajen bakwai ga wata da ashirin da biyu ruwa ya fi natsuwa, ya fi daɗin leƙawa. Kowace rana kuma sa'ar cikar tana ja baya da kusan minti 50. In yau da ƙarfe takwas ta cika, gobe sai tara saura.

Ka kauce wa azumi in da hali, domin masu jirgin suna azumi, aikin kuwa na ƙarfi ne cikin rana. Watan Rabi'ul Awwal kuma garin cika yake maƙil saboda Maulidin masallacin Riyadha, wanda Habib Swaleh ya kafa. Abin kallo ne, har da tseren jirage da na jakuna, amma masauki yana wuya.

Takardu da hanya

Fasfo mai sauran aƙalla wata shida, da katin rigakafin shawara, wannan mai ruwan ɗorawa. Kada ka bar shi a gida. Tun Janairun 2024 Kenya ta maye gurbin biza da izinin shiga da ake nema ta intanet, a 2025 kuma ta ɗauke wa yawancin ƙasashen Afirka wannan izini. Duk da haka ka leƙa shafin hukumar shige da fice tasu kafin ka biya tikiti, doka ba ta kwana wuri ɗaya.

Daga Garwa ko dai ka hau jirgin sama zuwa Yawunde ko Duwala, ko ka bi mota zuwa Ngaundare ka kama jirgin ƙasa na dare, gari ya waye maka a Yawunde. Kenya Airways na tashi daga Duwala zuwa Nairobi, Ethiopian kuma ta Addis Ababa take bi. Mutanen Marwa da Kusiri, ku ya fi muku sauƙi ku tsallaka gada zuwa Njamena ku hau Ethiopian daga can. Agogon Kenya yana gaban namu da awa biyu.

Daga Nairobi ka hau ƙaramin jirgi zuwa filin da ke tsibirin Manda, awa ɗaya da ɗoriya. Ka lura da filin da aka rubuta a tikitinka, don wasu daga babban filin Jomo Kenyatta suke tashi, wasu daga na Wilson, tsakaninsu kuma akwai cunkoson da zai iya cinye maka jirgi. Kana sauka Manda sai kwale-kwale ya tsallakar da kai garin Lamu cikin 'yan mintoci. Akwai hanyar mota ta Malindi zuwa Mokowe, ta fi araha, amma an sha tare motoci a kanta a baya. Ni dai ban bi ta ba.

Sefa ba ta da mai karɓa a can. Ka canza zuwa yuro ko dalar Amurka tun a gida, yuro ta fi sauƙin lissafi tunda farashinta a tsaye yake, kusan sefa 656. A Nairobi ka mayar da wani kaso shilin, ka sayi layin Safaricom da fasfonka, a buɗe maka M-Pesa. Kamar Orange Money take a wurinmu, sai dai su har mai sayar da kifi da ita yake karɓa. Soket ɗinsu mai baki uku ne irin na Ingila, kan cajarka ba zai shiga ba sai da mahaɗi. Kuma kada ka ƙunshe kayanka a leda: tun 2017 Kenya ta haramta ta.

Zaɓen nahoda, inda tafiya ke gyaruwa ko ta lalace

Ka ba kanka kwana biyu a gari kafin ka kulla magana da kowa. Tun kana sauka daga kwale-kwale samari za su yanyame ka, kowa kyaftin yake kiran kansa. Mafi yawansu 'yan kamasho ne, irin na tashar mota. Ba laifi ba ne, sana'a ce, amma ba da su za ka yi ciniki ba. Ka ce wa mai masaukinka ya haɗa ka da nahoda, wato shugaban jirgi, wanda ya sani ido da ido. Ka kuma zauna bakin ruwa da la'asar, ka ga jiragen da ke dawowa da baƙi, ka tambayi baƙin yadda ta kaya.

Kada ka yarda da hoto a waya. Ka ce a kai ka jirgin, ka shiga da ƙafarka. Manyan su ne jahazi, matsakaita kuma mashua, duk na katako, da ƙyalle ɗaya babba mai kusurwa uku da suke kira tanga. Ka ɗaga allunan ƙasa ka ga yawan ruwan da ya taru. Kowane jirgin katako yana ɗan tsatsafo, wannan ba komai ba ne, amma in ka ga yaro yana ta kwalfa alhali jirgi a ɗaure yake, ka yi sallama. Ka ƙirga rigunan ceto da hannunka, ka gwada ɗaya a jikinka, ka ja igiyoyinta. Ka ce a tayar da inji a gabanka. Ka duba ko akwai rumfa, don rana a kan ruwa ta sama da ta ƙasa take dukan mutum. Ka tambayi mutum nawa ne ma'aikatan jirgin. Ƙasa da uku ba su isa juya tanga a tafiyar kwanaki ba.

Sai ciniki. Kuɗin jirgi ɗaya ne ko ku biyu ne ko ku shida, don haka ka nemi abokan tafiya a masauki ku raba. Mu huɗu muka haɗu: ni, da wani abokina ɗan Marwa, da wasu Turawa biyu masu jakar goyo. Ku zauna da nahoda da takarda da biro, mai masauki yana shaida, ku rubuta kwana nawa, tsibiri kaza da kaza, wa zai sayi mai, wa zai sayi abinci da ruwan sha, wa zai biya kuɗin shiga wuraren tarihi da na gandun ruwa, a ina za a kwana, akwai kayan leƙen ruwa ko babu, kuma ba za a ƙara fasinja a hanya ba. Maganar mai ita ce ta fi kawo rigima. In ba a faɗi lita nawa ba, ranar da iska ta ɗauke za ka ji an ce mai ya ƙare sai an ƙaro kuɗi, kai kuma kana tsakiyar ruwa ba ka da bakin musu. Ka ba da abin da zai isa cefane da mai kawai, ka bi su kasuwa ka ga an saya, ragowar sai an dawo.

Ga inda na sha kunya. Mun gama magana, nahoda ya ɗaga yatsu biyu ya ce "saa mbili". Na ce to, ƙarfe biyu, bayan azahar kenan, har na ji daɗi zan yi barcin safe. Washegari ina shan shayi da hantsi sai ga yaron jirgi a guje yana haki. Ashe Waswahili daga fitowar rana suke fara ƙirga awa: ƙarfe bakwai na safe shi ne awa ɗaya, takwas awa biyu. Kafin mu tattara kaya ruwa ya fara janyewa, mashigar da za mu bi ta zama taɓo. Nahodan, dattijo ne mai jan gemu da lalle, bai ɗaga murya ba. Cewa kawai ya yi, "Shehe, ruwa ba ya jiran baƙo." Rabin yini muka yi asara. Ka nuna sa'ar a fuskar wayarka, ku duba tare, ku yarda.

Abin da za ka ɗauka

Babbar jakarka ka bar ta a masauki. Ƙarama ta isa: riga biyu masu dogon hannu marasa nauyi, wando mai saurin bushewa, hula mai faɗi da igiya, zane ko mayafi na rufa da dare, gidan sauro, tocila, batirin cajin waya, da jaka mai hana ruwa shiga don fasfo da waya. Takalmin roba mai rufe yatsu ya fi silifa. Ruwan sha ka lissafa aƙalla lita uku kowane mutum kowace rana, ka ga jarkokin da idonka. Na ƙara da dabino, ƙuli-ƙuli da kilishi daga gida, kuma kilishin nan ya saya mini mutunci wurin ma'aikatan jirgi fiye da duk wani tukuici.

Magani: na zazzaɓin cizon sauro, don gaɓar tana da shi, da gishirin hana bushewar jiki, da filasta, da man kare fata daga rana. Kada ka ce ai kai baƙi ne. Awa biyu kana kife a kan ruwa, bayan wuyanka da ƙwaurinka za su saɓule. Maganin jiri kuma a sha shi kamar awa ɗaya kafin tashi, ba bayan amai ya zo ba. In ya kama ka, ka zauna tsakiyar jirgi, ka kafa ido can inda sama ta haɗu da ruwa, ka tauna citta, ka ajiye waya.

Gilashin ruwa da bututun numfashi, in kana da hali ka sayi naka a Nairobi ko Duwala. Na haya sau da yawa robarsu ta saki.

Yadda kwanakin ke tafiya

Ranar farko yawanci ana fara da kufan Takwa a tsibirin Manda, ta wani siririn rafi cikin itatuwan mikoko, waɗannan masu tsiro cikin ruwan gishiri da saiwoyi a waje kamar ƙafafun gizo-gizo. Sai ruwa ya cika ake shiga, kuma dole a fito kafin ya janye. Gari ne da ya bunƙasa a ƙarni na 15 da na 16, aka watse daga cikinsa a na 17, ana cewa rijiyoyinsa ne suka koma gishiri. Masallacinsa na nan tsaye da ginshiƙi a saman bangon alƙibla. Daga nan sai a bi mashigar Mkanda, tsakanin Manda da babbar ƙasa, a fita wajen ɗan tsibirin Manda Toto, inda za ka fara sa fuska a ruwa. A hanya za ka hangi sabuwar tashar manyan jirage da aka buɗe a 2021.

Rana ta biyu tsibirin Pate. Ka sauka ka je Siyu, ka ga ganuwarta ta ƙarni na 19. Garin ya yi suna da malamai da masu rubuta Alƙur'ani da hannu, ya kuma yi tsayin daka da sojojin Sayyid Sa'id na Zanzibar a shekarun 1840. In da lokaci akwai kufan Shanga, wanda aka fara zama a cikinsa tun wajen ƙarni na 8. Wanda ya saba zama da tsofaffin malaman zaure zai ji kamar ya san mutanen nan.

Rana ta uku, in iska da tsaro sun yarda, sai Kiwayu, dogon tsibiri siriri a cikin gandun ruwa na Kiunga, wanda aka keɓe a 1979. Ana biyan kuɗin shiga, ka karɓi rasit. A nan ruwa ya fi kyau. Ta huɗu kuma dawowa.

Wannan tsari ne a takarda. A kan ruwa nahoda ne mai magana. In ya ce yau ba za a wuce ba, kada ka ce ai ka biya. In za a juya tanga kuma, ka sunkuya, ka koma gefen da aka nuna maka ba tare da tambaya ba, don doguwar sandar da ke riƙe da ita sai an zagaya da ita gaban jirgi, igiyoyi na kaɗawa ko'ina. Za ka ga an miƙa wani katako waje, samari sun hau kansa suna reto a saman ruwa don kada jirgi ya kife. Kallo ya ishe ka.

Abinci a kan gawayi ake dafa shi a cikin jirgin: shinkafa da madarar kwakwa, kifin da aka ja da ƙugiya ana tafe, capati, da shayi mai kayan ƙamshi. Wanda ya saba da giwan ruwa da karfasar Lagdo zai ji naman kifin teku ya fi tauri da gishiri, amma ranar farko kawai.

Leƙen ƙarƙashin ruwa

Wannan ba nutso ba ne. Kwanciya ce rub-da-ciki a saman ruwa, fuska a ciki, kana numfashi ta bututun da ya leƙo sama. Ko wanda bai iya iyo sosai ba zai iya, muddin yana sanye da rigar ceto. Ruwan gishiri ma ya fi na kogi ɗaga mutum.

Ka fara gwada gilashin tun kana kan jirgi. Ɗora shi a fuska ba tare da ka sa maɗaurin ba, ka ja iska kaɗan ta hanci. In ya manne, ya yi daidai. In ya faɗo, nemi wani. Masu gashin baki, ku ne ruwa ya fi shigar wa ta ƙarƙashin hanci. Ko ka rage shi, ko ka shafa masa ɗan basilin. Abokina ɗan Marwa ya ƙi, ya ce shekara ashirin yana kiwon abinsa, ya yini yana fitowa yana fyace gishiri. Maɗaurin kuma kada ka tamke shi, matsewa ba ta hana yoyo, ciwon kai kawai take bari.

Don kada gilashi ya yi hazo, tofa yawu a cikinsa tun yana bushe, ka murza da yatsa, ka ɗauraye sau ɗaya. Ba kyan gani, amma yana aiki.

Ka fara a inda ruwa bai wuce ƙirji ba. Ciji robar bututun a hankali, ka rufe leɓe a kanta, ka sa fuska, ka tsaya a haka kana numfashi ta baki har sau goma. Zuciyarka za ta ce maka ka ɗago, kowa haka yake ji. Ka ja numfashi a hankali, dogo, kana jin ƙararsa a bututun. In ta lafa, sai ka saki ƙafafunka su taso. Hannu a gefe, ƙafa na kaɗawa daga cinya, ba irin bugun ruwan da muke yi a Binuwai ba, wanda ke korar kifi tun daga nesa. In ruwa ya shiga bututu, ka fesar da shi da ƙarfi sau ɗaya kamar mai cewa "tu", sannan ka ja numfashi na gaba a hankali. In ka shaƙe, ka juya rigingine, ka cire bututun, ka yi tarinka.

Abin da na fara gani a Manda Toto ba zan manta ba. Wani kifi kore da shuɗi, mai baki kamar na aku, yana gatsar dutse, kuma ina jin ƙarar gatsar a kunnena, ƙaras-ƙaras, kamar akuya na cin ƙashin mangwaro. Yana wucewa sai ya saki farin gari ta baya. Daga baya na ji cewa wani kaso na farin yashin da muke kwana a kai daga nan yake fitowa. Dutsen kuwa ba dutse ba ne, murjani ne mai rai, dangin wanda iyayenmu mata ke ɗaurawa a wuya, ƙananan halittu ne ke gina shi a hankali shekara da shekaru. Shi ya sa ba a taka shi, ba a ɓalle shi. Yankansa ma ba ya saurin warkewa.

Doka ɗaya ce: kada ka taɓa komai. Akwai bushiyar teku mai dogayen ƙayoyi baƙaƙe da ke karyewa cikin fata. Akwai kifi mai kama da dutse, dafinsa mugu ne, wani kuma fale-fale yana kwance cikin yashi da ƙaya a wutsiya, don haka in kana tafiya a ruwa marar zurfi ka riƙa jan ƙafa maimakon ɗagawa. In ɗaya daga cikinsu ya soke ka, a tsoma wurin a ruwan zafi iya yadda za ka jure, a nufi asibiti. Kada ka zura hannu a rami.

Abin da ya fi dabbobin nan haɗari shi ne jan ruwa. A kogi ka san inda ruwa ya nufa, kullum can ne. A nan yana iya juyawa kana ciki. Kafin ka shiga, tambayi nahoda ina yake ja yanzu, ka fara iyo kana fuskantarsa, don in ka gaji ya dawo da kai wajen jirgi. Duk bayan 'yan mintoci ka ɗago ka ga inda jirgi yake. Kada ka shiga kai kaɗai, kuma a bar mutum ɗaya a sama yana kallonku. In ka ga yana tafiya da kai, kada ka yi kokawa da shi: ka yanke ta gefe, ko ka kwanta rigingine ka ɗaga hannu ɗaya. Mafi kyawun lokaci shi ne da safe, ko sanda ruwa ya tsaya cak tsakanin cika da janyewa. Minti talatin zuwa arba'in ya isa, ka fito ka sha ruwa.

In ka ƙware har kana son ɗan nutsawa, toshe hanci ka hura a hankali da zarar ka ji kunne ya fara matsewa. In da mura a jikinka, bar shi.

Salla, kewaye da kwana

Ruwan teku yana alwala, hadisi ya tabbatar da tsarkinsa, don haka kada ka ɓarnatar da na sha. Alƙibla ce za ta rikita ka. Mu mun saba da fuskantar gabas har kalmar ta zama ɗaya da alƙibla a bakinmu. Lamu tana kudu da Makka kusan a miƙe, don haka arewa ake kallo. Na yi raka'a biyu ina fuskantar inda rana ke fitowa kafin yaron jirgi ya dafa kafaɗata. Mutanen can Shafi'awa ne, za ka ji liman ya bayyana bisimilla, ya yi ƙunutin asuba bayan ruku'u da ƙarfi. Ka bi shi, ba wani abu. Hukuncin ƙasaru da haɗa salla kuwa ka tambayi malaminka tun kana gida.

Makewayin jirgi wani ɗan akwati ne da ke rataye a bayan jirgin, a saman ruwa. In akwai mata a tafiyar, ku sa a kewaye shi da zane tun kafin a tashi, ku kuma roƙi a riƙa tsayawa a tsibiri safe da yamma. Mace za ta iya leƙen ruwa da dogon wando da riga mai dogon hannu da hular da ke kama kai. Mayafi mai yawo ne bai dace ba, yana naɗe mutum.

Kwana ko a kan jirgi ko a kan yashi. In a yashi ne, ka duba layin ciyawa da tarkacen da ruwa ya bari, ka shimfiɗa can sama da shi sosai, in ba haka ba teku za ta tashe ka da tsakar dare. Kusa da mikoko sauro da ƙananan ƙwari masu cizo sun fi yawa. A jirgi, nesa kaɗan da gaɓa, iska na kore su.

Maganar tsaro

Mu 'yan arewacin Kamaru mun san yadda ake yi wa yanki duka baƙin fenti saboda abin da ya faru a wani lungunsa, mun kuma san cewa wani lokaci gargaɗin gaskiya ne. Kiwayu ba ta da nisa da iyakar Somaliya. A 2011 an sace baƙi Turawa a wannan yanki, a 2014 an kai hari garin Mpeketoni, a Janairun 2020 kuma Al-Shabab ta far wa sansanin soja na Manda Bay, wanda ke babbar ƙasa, ba a tsibirin Manda ba. Yawancin hare-haren a babbar ƙasa suka faru, ba a tsibiran ba. Ka tambayi mai masauki da nahoda halin da ake ciki a makon da kake can. In sun yi jim, ku tsaya a Manda da Pate, sun isa tafiya. Ka bar wa mai masauki sunan jirgi da lambar nahoda da ranar dawowa, ka aika wa na gida su ma, ka riƙe kwafin fasfo a jikinka don jami'an ruwa kan tsayar da jirgi.

Kada ka sa jirginka na komawa Nairobi a ranar da za ku dawo. Bar kwana ɗaya a tsakani, don iska ko mashigar Mkanda na iya riƙe ku. In kun iso, ka biya ragowar kuɗin a gaban wanda ya yi shaida, tukuicin yaran jirgi kuma ka damƙa wa kowa a hannunsa. Ka zazzage jakarka ka tabbata ba wani guntun murjani ko ƙwanso da ya biyo ka, don fitar da su daga gandun laifi ne. Gilashinka da bututu ka wanke su da ruwan daɗi kafin ka naɗe, gishiri na cin roba. Tsarabar gida kuwa, ka bi babban lungun da ke bayan bakin ruwa ka nemi masu halua, alewarsu mai laushi da ake ci da gahawa mai ɗaci. Ka ce a naɗe maka ita da kyau, tana kai wa Garwa lafiya.